Babi na Huɗu: Hobitsa da Ɗanta Masassaƙi

Idan yaro ya gudu daga ƙauyensu tun bai yi gemu ba, ya je wata ƙasa ya yi suna, ya tsufa can, ya mutu aka binne shi can, da wane baki mutanen ƙauyen za su tashi daga baya su kafa masa abin tunawa, su ce ɗansu ne? Mutane da yawa na yin wannan tambaya idan suka ga an kafa allo a bakin hanya da sunan wani shahararre, ko an keɓe wani tsohon gida an ce nan aka binne cibiyarsa. Wasu na ganin neman suna ne kawai, da kwaɗayin kuɗin masu yawon buɗe ido. Karin maganarmu ma na bayansu, tunda cewa muke yi kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Za mu gwada wannan hukunci a kan mutum ɗaya da ƙauye ɗaya. Mutumin shi ne Constantin Brancusi, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin uban sassaƙar zamani a Turai. Ƙauyen kuwa Hobitsa ne, a gundumar Gorj da ke kudu maso yammacin Romaniya, tafiyar kamar kilomita 25 daga garin Targu Jiu. Na zaɓe su ne saboda a nan tambayar ta fi tsauri. Manyan ayyukan Brancusi suna Paris da New York da Philadelphia. Kabarinsa na Paris. Hobitsa ba ta da ko ɗaya daga cikin sassaƙe-sassaƙen da suka ɗaukaka sunansa. Abin da take da shi ɗan ƙaramin gidan katako ne, kuma duk da haka mutane na ƙetare ƙasashe su zo su gan shi.

Gudu daga kiwo

An haifi Brancusi ranar 19 ga Fabrairu, 1876, a gidan manoma. Hobitsa na gindin duwatsun Karpatiya, a yankin da ake kira Olteniya, ƙasar daji da sanyi. Yana ɗan shekara bakwai aka tura shi kiwon tumaki. Makiyayin wannan yanki ba ya rabuwa da wuƙa, yinin kiwo kuma dogo ne, don haka sanda da cokali da sarewa duk da hannunsa yake sassaƙa su. A ƙauyen nan ba a ɗaukar wannan a matsayin wata baiwa. Kusan kowane magidanci ya iya riƙe gatari da gizago, domin gida da ƙofa da kujera da akwatin amarya duk daga daji suke fitowa.

Yaron bai zauna ba. Kafin ya cika shekara 12 ya gudu daga gida fiye da sau ɗaya. Ya yi aikin marina a Targu Jiu, ya yi yaron shago a Slatina, sannan ya yi shekaru yana hidima a wata mashaya a birnin Craiova. A can ne ya harhaɗa goge irin na Turawa da katakon wani akwati, gogen kuwa ya ba da sauti. Waɗanda suka gani suka ce wannan hannu ya wuce wankin kofuna. Aka sa shi makarantar koyon sana'o'in hannu ta Craiova a 1894, ya gama a 1898, ya wuce makarantar zane da sassaƙa ta Bukares, babban birnin ƙasar, ya fito a 1902.

A 1904 ya isa Paris, kuma yawancin hanyar a ƙafa ya yi ta, ya bi ta Munich a ƙasar Jamus. Ya yi wankin kwanuka a gidan abinci don ya ci, yana kuma rera waƙoƙin ibada a majami'ar 'yan Romaniya da ke birnin. A 1907 ya sami abin da kowane matashin masassaƙi a Turai ke mafarki, wato gurbi a ɗakin aikin Auguste Rodin, babban masassaƙin zamanin. Bai cika wata biyu ba ya bar wurin. Dalilin da ya bayar ya shahara: ƙaramin tsiro ba ya girma a inuwar babbar bishiya.

Akwai wani dalilin da ya shafi aikin kansa, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga tambayarmu. A wancan lokaci babban masassaƙi yakan gina siffa da yumɓu, sannan ma'aikatansa su auna ta, su kwaikwaye ta a jikin marmara ko su zuba ta da tagulla. Maigidan ba lallai ne ya taɓa dutsen ba. Brancusi ya koma ɗaukar guduma da kansa, yana saran dutsen ko kututturen kai tsaye, yana barin tsagin itacen da taurin dutsen su nuna masa inda zai bi. Mutanen Paris sun ga sabon abu. A Hobitsa kuwa da ma ba a san wata hanyar sassaƙa ba sai wannan.

Tsuntsu a gaban alƙali

Abin da Brancusi ya yi ta yi tsawon rayuwarsa shi ne ragewa. Zai ɗauki kan mutum ya yi ta share masa kunne da gashi da layin fuska har ya koma kamar ƙwai kwance. Zai ɗauki tsuntsu ya cire masa fukafukai da ƙafafu da gashin jiki, har abin da ya rage ya zama dogon siririn ƙarfe mai walƙiya, mai ɗan tudu a tsakiya, yana miƙewa sama. A ganinsa tashin yake so ya nuna, jikin tsuntsun kuwa kowa ya san shi. Tsuntsayensa na farko, wajen 1910, ya ba su sunan Maiastra, wata tsuntsuwa mai sihiri da ke cikin tatsuniyoyin Romaniya, irin waɗanda ake yi wa yara a ƙauyuka kamar nasu.

A 1926 aka kai ɗaya daga cikin waɗannan tsuntsaye na tagulla Amurka, wanda ya kira Tsuntsu a Sararin Sama. Dokar Amurka ta yafe wa ayyukan fasaha kuɗin fito, amma jami'an kwastan na New York suka duba suka ce su ba su ga tsuntsu ba. Suka lissafa shi cikin kayan ƙarfe irin na ɗakin girki da asibiti, suka ɗora masa harajin kashi 40 cikin ɗari. Brancusi ya kai ƙara. Aka kira masu zane da masu sharhi suka ba da shaida, ana ta tambayarsu ko wannan abu ya yi kama da tsuntsu. A watan Nuwamban 1928 kotu ta ba shi gaskiya, ta amince cewa aikin fasaha ba dole ne ya kwaikwayi siffar abin da yake nufi ba. Har yau ana koyar da wannan shari'a.

Duk wannan ɗaukaka ba ta canza masa zama ba. A ɗakin aikinsa da ke wani lungu mai suna Ronsin a Paris, da hannunsa ya yi kujerunsa da teburinsa da murhunsa. Yana yawo da farin kaya irin na manoman garinsu, ga gemu, kuma idan manyan masu zane da marubuta suka kawo masa ziyara shi yake dafa musu abincin Romaniya.

Gida mai ɗaki uku

Yanzu mu koma Hobitsa. A 1971 aka buɗe gidan tunawa da shi a ƙauyen, kuma gidan tarihi na gundumar Gorj ne ke kula da shi. Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa tun farko: wannan ba shi ne ainihin ginin da aka haife shi a ciki ba. Gida ne na manoman yankin, na wancan zamani, mai irin fasalin gidan ubansa, aka gyara shi aka zuba masa kaya irin na lokacin tare da hotuna da takardun da suka shafi rayuwarsa. Wasu sukan ji haushi idan suka gano haka. Ni ina ganin hakan bai rushe amfanin gidan ba, kuma dalilin na nan a jikin ginin.

Gidan an yi shi ne da manyan gumagumai da aka sassaƙa aka jera kwance, ɗaya bisa ɗaya, an sarƙe su a kusurwa. Rufinsa na ƙananan fallayen katako ne da aka jera suna hawa kan juna, mai gangara sosai don dusar ƙanƙara ta zame. Ɗakuna uku ne kacal: na kwana, na murhu, da na ajiyar abinci. A irin waɗannan gidaje iyali kan ci abinci ne a kan ɗan gajeren tebur mai da'ira, kowa a kan 'yar ƙaramar kujera, a kusa da wuta. Ka riƙe wannan tebur a ranka, za mu sake haɗuwa da shi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa yana waje. A gaban gidan akwai baranda, rufinta kuma na kan ginshiƙan itace. Magidancin Gorj ba ya barin ginshiƙi haka nan santal. Yakan bi shi da gatari yana sara daga sama da ƙasa, ya ƙuntata shi nan, ya bar shi da faɗi can, ya sake ƙuntatawa, har ginshiƙin ya fito gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mai kusurwoyi, ɗaya na haifar ɗaya. Wani kuma yakan murɗa shi kamar igiya. Haka ake yi wa ginshiƙan manyan ƙofofin gida, haka kuma ake yi wa sandunan da ake kafawa a kan kaburbura a wasu sassan Romaniya, wani lokaci da ɗan tsuntsun katako a samansu. Waɗanda suka yi wannan aiki ba su rubuta sunansu a jiki ba, kuma ba su taɓa jin sunan Rodin ba.

Wanda ya ga wannan baranda, sannan ya ga ginshiƙin itace da Brancusi ya sassaƙa a 1918, wanda yanzu ke babban gidan adana fasahar zamani na New York, ba ya buƙatar malami ya nuna masa dangantakar. Gaɓoɓin nan ne dai, an cire musu rufin da suke ɗauka, an daidaita su, an bar su su tsaya da kansu. Ba na cewa Hobitsa kaɗai ce ta yi Brancusi. Ya yi karatun sassaƙa na shekaru, ya zauna cikin manyan masu fasaha na Paris, kuma a wasu ayyukansa na itace na wajen 1913 ana ganin tasirin sassaƙar Afirka, wadda a lokacin ta ɗauki hankalin matasan masu zane a Faransa. Masana na ta muhawara a kan wanne ya fi nauyi. Amma idon da ya fara gani, da hannun da ya fara riƙe wuƙa, a wannan ƙauye suka samu tarbiyya. Gidan tarihi na New York na iya nuna maka ginshiƙin. Ba zai iya nuna maka barandar ba. Shi ya sa gidan da ba na ainihi ba ma yake cika aikinsa, domin shaidar da ake nema ba ta taƙaita ga gida ɗaya ba, a jikin gidajen ƙauyen duka take.

Tebur, ƙofa da ginshiƙi

Babban abin da Brancusi ya bar wa ƙasarsa yana Targu Jiu, garin da ya fara gudu zuwa cikinsa yana yaro. A watan Oktoban 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Jamus suka nufo garin, aka tare su a gadar kogin Jiu, mutanen gari na taimaka wa 'yan tsirarun sojojin da ke wurin. A 1935 ƙungiyar matan Gorj, ƙarƙashin jagorancin Arethia Tatarescu, matar firaministan lokacin, ta nemi Brancusi ya yi abin tunawa da waɗanda suka mutu. Ya amsa, kuma bai karɓi ladan aikinsa ba. Aka buɗe wurin ranar 27 ga Oktoba, 1938.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a wannan wuri da aka yi don tunawa da mayaƙa babu mutum-mutumin soja ko ɗaya. Babu doki, babu bindiga, babu janar da takobi a sama. Abubuwa uku ne a jere a kan layi ɗaya, mai tsawon fiye da kilomita guda, wanda ya ratsa garin daga bakin kogi.

Na farko, kusa da ruwa, shi ne Teburin Shiru. Faffaɗan dutse ne mai da'ira a kan wani dutsen, gajere, da kujeru 12 na dutse kewaye da shi. Kowace kujera na da faɗi sama da ƙasa, ƙugu a tsuke, kamar kalangu a tsaye. An ja kujerun nesa da teburin, ta yadda wanda ya zauna ba zai kai hannu kansa ba. Ga teburin ɗakin murhu na Hobitsa ya dawo, amma babu abinci a kansa kuma babu masu ci. Uwar da ɗanta bai dawo daga gadar Jiu ba ba ta buƙatar a fassara mata wannan.

Daga nan hanya ta bi tsakanin wasu kujerun dutse zuwa Ƙofar Sumba, ƙofa mai kauri ta farin dutse, ginshiƙai biyu da babban dutse a kansu, irin tsarin ƙofofin gidajen manoma. A saman kowane ginshiƙi akwai da'ira da aka raba biyu, alamar fuskoki biyu da suka haɗu. Sai a bi titi, a wuce majami'a, a fita zuwa wani fili mai ɗan tudu, inda na ukun yake tsaye.

Ginshiƙi Marar Iyaka ya kusa mita 30 a tsayi. Gaɓoɓi 15 ne cikakku, da rabi a ƙasa da rabi a sama. An zuba su da baƙin ƙarfe a masana'antar garin Petroshani, aka zura su ɗaya bayan ɗaya a jikin wata doguwar ƙashin baya ta ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, sannan aka fesa musu ruwan ƙarfe mai launin zinariya. Injiniya Stefan Georgescu-Gorjan ne ya yi lissafin yadda zai tsaya bai faɗi ba. Rabin gaɓar da ke sama ita ce sirrin abin: tunda ba a rufe ta ba, ido na ɗauka akwai wata a kanta, da wata a kan wannan. Ginshiƙin barandar manomi ne aka miƙa shi har ya daina ɗaukar rufi.

Shekarun da aka juya masa baya

Wannan shi ne ɓangaren labarin da ke da ɗaci, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin kwaminisanci ta kafu a Romaniya. Abin da take so daga masu fasaha shi ne siffofin ma'aikata da manoma da shugabanni, waɗanda kowa zai gane nan take. Ayyukan Brancusi aka ce na 'yan jari-hujjar Yamma ne, marasa amfani ga talaka. A 1951 majalisar manyan masana ta ƙasar ta zauna a kan batun ayyukansa, ta ƙi su. A farkon shekarun 1950 har ɗaura wa Ginshiƙi Marar Iyaka sarƙa aka yi, aka ja shi da tarakta don a kayar da shi. Bai faɗi ba, sai dai ya ɗan karkata.

Dattijon ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Faransa a 1952. A 1956 ya yi wasiyya ya bar wa gwamnatin Faransa ɗakin aikinsa da duk abin da ke ciki, da sharaɗin a sake tsara shi yadda ya bar shi. Ya rasu ranar 16 ga Maris, 1957, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse. Tun ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu bai sake taka ƙasarsu ba. An cika masa wasiyya: a 1997 aka buɗe ginin da mai tsara gine-gine Renzo Piano ya tsara wa ɗakin aikin a gefen cibiyar fasaha ta Pompidou da ke Paris.

Sai a shekarun 1960 hukumomin Romaniya suka waiwaye shi, bayan duniya ta gama yanke hukunci a kansa. Gidan Hobitsa ya zo ne shekara 14 bayan rasuwarsa. Tun daga nan girmamawa ba ta yanke ba. An gyara ginshiƙin tsakanin 1998 da 2000 da taimakon Bankin Duniya. A 2015 aka yi doka ta mai da ranar haihuwarsa ranar tunawa ta ƙasa. A watan Yulin 2024 hukumar UNESCO ta sa ayyukan Targu Jiu cikin kayan tarihi na duniya. An sha yin kira a dawo da ƙasusuwansa gida, amma har yanzu suna Paris.

Da yawa daga cikin wannan ihu ne bayan hari, kuma kuɗin da ake biya ya nuna haka. A 2016 gwamnatin Romaniya ta so ta sayi wani ƙaramin aikinsa na dutse na 1907, mai suna Hikimar Ƙasa, a kan yuro miliyan 11. Ta ce za ta ba da miliyan 5, jama'a su tara miliyan 6. Abin da aka tara bai wuce miliyan ɗaya da kaɗan ba. Bayan shekara biyu, a 2018, aka yi gwanjon wani aikinsa na tagulla a New York a kan dala miliyan 71. Ƙasar da ta ƙi ayyukansa a da ta zo tana fafutukar sayen guda ɗaya.

Sai dai a yi adalci. Waɗanda suka zauna a Bukares suka ƙi shi ba manoman Hobitsa ba ne. Ba su ne suka aiko da tarakta ba. Idan za a tuhumi wani da juya baya, hukuma za a tuhuma.

Wanda ya gina nasa da kansa

Akwai wani masassaƙin da bai jira kowa ba. Antonio Canova, wanda aka haifa a 1757 a ƙauyen Possagno da ke arewacin Italiya, maraya ne da kakansa mai fasa dutse ya raina. Ya zama masassaƙin fafaroma da sarakuna, har Napoleon ya yi wa aiki. Da ya yi arziki sai ya tsara wa ƙauyensu wata babbar majami'a mai ƙubba da jerin ginshiƙai irin na tsoffin gine-ginen Rum da Girka, ya biya da kuɗinsa, aka aza harsashi a 1819. Ya rasu a 1822 ba a gama ba. Ɗan'uwansa da suke uwa ɗaya, Giovanni Battista Sartori, ya ƙarasa ginin a 1830, sannan ya kwaso samfuran filasta na ayyukansa daga Rum ya gina musu zaure kusa da gidan da aka haife shi. Kabarin Canova na cikin majami'ar.

Possagno ta sami gawa, ta sami gini, ta sami samfuran ayyuka. Ta fi Hobitsa komai da za a iya ƙirgawa. Amma wanda ya je can Canova na Rum yake gani, an ɗauko shi an sauke a gindin dutse. Ginin ya fi ƙarfin ƙauyen, kuma salonsa baƙo ne a wurin. A Hobitsa abin da ake nunawa na ƙauyen ne tun asali, kuma da Brancusi bai taɓa yin suna ba, da barandar na nan yadda take.

To, ɗan wa ne?

Amsata ita ce Hobitsa na da hakki, amma hakkin na da iyaka. Ba ta da ikon cewa ita ta yi Tsuntsu a Sararin Sama, domin da yaron ya zauna da ya ƙare a kiwo da sassaƙar ƙofofi kamar iyayensa. Gudun da ya yi na cikin abin da ya gina shi. Abin da take da ikon cewa shi ne, harshen da ya yi magana da shi a Paris nata ne, kuma ga shaidar a jikin katako. Karin maganar da muka fara da ita ba ta kama wannan mutum ba, tunda ya tafi da gidan a hannunsa, ya yi shekara 50 yana sassaƙa shi.

Wannan hakki na tafe da nauyi. Ƙauyen da ya kafa wa ɗansa abin tunawa saboda sana'a ya ɗauki alkawarin kada sana'ar ta mutu a hannunsa. Gidajen katako na Gorj, kamar na sauran yankunan karkara a Turai, suna ba da wuri ga bulo da kwano, matasa kuma na tafiya birane da ƙasashen waje neman aiki. Idan aka wayi gari babu sauran mai iya fitar da gaɓa a jikin ginshiƙi da gatari, gidan tunawa zai zama hoton abin da ya shuɗe. Don haka idan aka ce maka wani gari ya karrama ɗansa mai sana'a, kada ka tsaya ga girman allo ko tsadar gini. Ka tambaya ko akwai yaro a garin da ke koyon aikin, da kuma wanda ke koya masa.

A babi na gaba za mu dawo gida da wannan tambaya. Za mu je Kwali, a yankin Babban Birnin Tarayya, mahaifar Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar Gbagyi da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta kai tukwanenta Turai da Amurka, ta rasu a 1984. Kafin ka juya shafi, ka ciro takardar naira 20 ka duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce.